BABI NA UKU: TASIRIN MAGANAƊISU A KAN GUDUN LANTARKI CIKIN MOLEKUL GUDA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda wutar lantarki take gudana a cikin waya, an kuma kawo ma'anar wasu kalmomi kamar atam da ilektaron da turjiya. Shi kuwa wannan babi zai dubi abin da yake faruwa idan aka ƙanƙanta hanyar da wutar take bi har ta koma molekul guda ɗaya tak, sannan aka kusanto mata da maganaɗisu. An ɗauko misalai daga abubuwan da mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka saba gani, domin ɗalibin da ya tashi a wannan yanki ya sami abin da zai dafa kafin ya shiga abin da ido ba ya gani. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, maganaɗisu ba ya yi wa wutar da take ratsa molekul irin aikin da yake yi wa wadda take bin babbar waya, kuma babban abokin gabar wannan aiki shi ne zafi.

3.1 Maganaɗisu a Hannun Jama'a

Bahaushe ya daɗe da sanin maganaɗisu, har ya yi masa laƙabi da mayen ƙarfe. Yara sukan ciro shi daga bayan lasifikar tsohuwar rediyo su riƙa jan allura da ƙusa da shi. Masu sayar da kaset a kasuwar Shinkafi da sauran kasuwannin yankin sun yi shekaru suna cin abinci da shi, domin zaren kaset ba wani abu ba ne illa leda da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a shekarar 1983, darasin dangantakar lantarki da maganaɗisu yana cikin abubuwan farko da ɗaliban aikin lantarki suke karantawa.

A yau kuma ya shiga aljihu. Wayoyin hannu da yawa suna ɗauke da wata 'yar na'ura mai jin ƙarfin maganaɗisun duniya, ita ce take sa kamfas ɗin waya ya nuna arewa. Matafiyin da dare ya yi wa tsakanin Zurmi da Jibiya, ya buɗe waya don neman alƙibla, wadda daga wannan yanki take kimanin digiri 70 daga arewa zuwa wajen gabas, da wannan na'ura yake aiki ko bai sani ba. Ba ta da allura mai juyawa kamar kamfas na da. Wuta ce take gudana a cikinta, maganaɗisun duniya yana sauya yadda take gudana, wayar kuma tana auna sauyin. Yana da kyau a gyara wani kuskure a nan: katin ajiya na waya ba da maganaɗisu yake riƙe waƙa da hoto ba, da cajin lantarki yake riƙe su. Wanda yake aiki da maganaɗisu shi ne faifan ajiya mai juyawa na kwamfuta.

3.2 Daga Babbar Waya Zuwa Siririn Shafi

A shekarar 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan wuta ta bi wayar da take kusa da ita. A 1856 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya gano cewa turjiyar baƙin ƙarfe da ta nikel tana sauyawa idan aka sa su cikin ƙarfin maganaɗisu, sai dai sauyin bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba. A 1879 kuma Edwin Hall na Amurka ya nuna cewa maganaɗisu yana tura wuta gefe guda na faranti mai ɗauke da ita. Duk waɗannan an gano su kafin a san ilektaron kansa, wanda sai a 1897 J. J. Thomson ya tabbatar da shi.

A shekarar 1925 wasu matasa biyu a ƙasar Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka kawo ra'ayin cewa ilektaron yana da wata ɗabi'a da za a kira juyi. Akan kwatanta shi da katantanwar da yara suke murzawa a ƙasa. Kwatancin bai cika ba, domin ita katantanwa tana gajiya ta faɗi, tana kuma iya karkata yadda ta so, shi kuwa juyin ilektaron ba ya ƙarewa, kuma duk lokacin da aka auna shi fuska biyu kawai yake nunawa: sama ko ƙasa. Saboda wannan juyi, kowane ilektaron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne a karan kansa. Wannan ita ce maganar da sauran babin zai hau kanta.

Amfanin juyi ya fito fili a 1988, lokacin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka jera siraran shafukan baƙin ƙarfe da kuromiyam, wani kan wani. Sun ga cewa idan maganaɗisun shafukan ƙarfen suna fuskantar wuri ɗaya, ilektaron masu juyi irin nasu suna wucewa salin alin. Idan kuwa shafukan suka ba juna baya, wanda ya tsallake na farko sai na biyu ya tare shi, turjiya ta hau. A gwajin Fert turjiyar ta ragu da kusan rabi da aka sa maganaɗisu, a cikin tsananin sanyi. Kafin shekara goma ta cika, a 1997, kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya mai karatu da wannan dabara, a 2007 kuma aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Ke nan tsohuwar kwamfutar da take buga takardu a shagunan bakin kwalejin Ƙaura, in dai faifai mai juyawa ne a cikinta, jikar wannan bincike ce.

3.3 Yadda Ake Ɗaura wa Molekul Waya

Molekul shi ne dunƙulen atam biyu ko fiye da suka ɗaure da juna. Ana auna girmansa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari, alhali molekul ɗin da ake gwaji da su yawancinsu ba su wuce nanomita ɗaya ko biyu ba. Tun a 1974 Arieh Aviram da Mark Ratner suka rubuta cewa molekul guda zai iya aikin dayod, wato ya bar wuta ta wuce ta fuska ɗaya ya hana ta dawowa. Amma a lokacin ba wanda yake da hanyar riƙe abu mai wannan ƙanƙanta, balle ya sa masa waya a kowane gefe.

Hanyoyi biyu ne suka buɗe ƙofa. Ta farko ita ce madubin da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a Zurik ta ƙasar Siwizalan a 1981, wanda ba gilashi gare shi ba, tsinin allura ne da ya ƙare da atam ɗaya, yana shawagi a kan abu yana auna 'yar wutar da take tsallakowa. Ta biyu ita ce dabarar tsinka waya. Akan ɗauki siririyar wayar zinariya a manna ta a kan wani faranti mai lanƙwasuwa, sai a riƙa tanƙwara farantin a hankali har wayar ta miƙe ta zama atam ɗaya a tsakiya, sannan ta rabu. A daidai lokacin da atam ɗaya ya rage, turjiyar wurin takan tsaya a kimanin om 12,900. Da ta rabu, sai molekul ya faɗa cikin giɓin ya zama gada. A 1997 Mark Reed na Jami'ar Yale da James Tour da abokan aikinsu suka ba da rahoton auna wuta ta wannan hanya a cikin wani molekul mai zoben kabon shida, da atam na farar wuta a kowane gefe. An zaɓi farar wuta ne saboda tana kama zinariya gam, an zaɓi zinariya kuma saboda ba ta tsatsa. Wannan zinariya ita ce dai irin wadda ake haƙowa a Anka da Maru, sai dai an tace ta matuƙar tacewa.

Matsalar ita ce ba a iya ganin yadda molekul ya zauna a cikin giɓin. Yau ya zauna a miƙe, gobe a karkace, kowane zama kuma da irin sakamakonsa. Don haka a 2003 Bingqian Xu da Nongjian Tao a jihar Arizona suka ɓullo da hanyar maimaita gwajin sau dubbai, a haɗa a raba, a haɗa a raba, sannan a duba adadin da ya fi yawan fitowa.

Wutar da take bi ta molekul ba ta gudana kamar ruwa a cikin bututu. Idan molekul ya manne da wayoyin sosai, ilektaron yakan kurɗa ta cikinsa ya ɓulla ɗaya gefen kai tsaye. Idan kuwa mannewar ba ta da ƙarfi, sai abin ya koma kamar fito a gulbin Gagare da damina, da kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya: sai na ciki ya sauka na baya zai hau, domin ilektaron biyu suna ture juna. A irin wannan hali ana iya ƙidaya su ɗai-ɗai.

3.4 Inda Maganaɗisu Yake Shiga

Wanda ya karanta aikin Hall zai zaci maganaɗisu zai tura ilektaron gefe a cikin molekul kamar yadda yake yi a faranti. Ba haka abin yake ba. Wurin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, babu filin da za a karkata. Lissafi ya nuna cewa kafin a sauya tafiyar ilektaron a kewayen zobe mai faɗin nanomita ɗaya sauyi na sosai ta wannan hanya, sai an sami maganaɗisu mai ƙarfin dubban tesla. Na'urar hoton jiki ta asibiti mai aiki da maganaɗisu yawanci tesla 1.5 zuwa 3 gare ta, mafi ƙarfin maganaɗisu mai ɗorewa da aka ƙera a ɗakin gwaji kuwa yana wajen tesla 45. Saboda haka ƙofar da ta rage wa maganaɗisu ita ce ta juyi.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a mayar da wayoyin biyu su zama maganaɗisu, molekul ya tsaya tsakaninsu, kamar dai shafukan Fert da Grünberg da aka ƙanƙanta. A 2004 masana a Jami'ar Cornell suka yi gwaji da wayoyin nikel da molekul mai atam 60 na kabon, wanda siffarsa kamar ƙwallon ƙafa take. A 2011 kuma wata ƙungiya a Karlsruhe ta Jamus ta ɗora molekul guda a kan wani ɗan tsibiri na kobal, ta taɓa shi da tsinin allura mai maganaɗisu, ta sami bambancin kimanin kashi 60 cikin ɗari tsakanin lokacin da maganaɗisun biyu suka fuskanci wuri ɗaya da lokacin da suka saɓa. Abin lura a nan shi ne molekul ba gada ce kawai ba. Yadda ya haɗu da ƙarfen yana iya ƙara tace juyin, ko ma ya birkita wanda ya fi rinjaye.

Hanya ta biyu ta fi wuyar bayani, ita ce kuma ta fi ba masana tabbaci. Tun a shekarun 1930 aka lura a Holan cewa turjiyar zinariyar da take da ɗan gurɓacen ƙarfe tana raguwa idan ana sanyaya ta, amma da an kai wani mataki sai ta koma hawa. Sai a 1964 Jun Kondo na Japan ya bayyana dalili: ilektaron masu gudu suna taruwa su kewaye juyin wannan baƙon atam, suna musayar juyi da shi. A cikin molekul mai ilektaron guda marar abokin zama, wannan taruwa takan buɗe hanya inda da a toshe take, sai wuta ta wuce cikin sauƙi ko da turin da aka ba ta ɗan kaɗan ne. Idan aka zana sakamakon a takarda, sai a ga wani tsini guda a tsakiya. Da an kunna maganaɗisu sai tsinin ya rabu biyu, saboda juyin sama da na ƙasa sun daina zama daidai a ƙarfi, kuma tazarar da take tsakaninsu tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin maganaɗisun. A shekarar 2002 ƙungiyoyi biyu suka ga wannan alama a molekul guda, ɗaya a Cornell da molekul mai atam ɗaya na kobal, ɗaya a Harvard da mai atam biyu na banadiyam. Muhimmancin rabuwar tsinin shi ne tana zama shaida. Tun da ba a ganin abin da yake cikin giɓin, ita take nuna cewa lallai juyi ne yake aiki, ba wai kawai wayar ce ta motsa ba.

Akwai kuma molekul da shi kansa maganaɗisu ne. A 1980 Tadeusz Lis na Folan ya haɗa wani mai atam 12 na manganis, a 1993 kuma Roberta Sessoli da Dante Gatteschi da abokan aikinsu a Fulorans ta Italiya suka nuna cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe fuskar da aka juya shi, kamar yadda zaren kaset yake riƙe murya. A 2006 aka auna wuta ta cikinsa a Delft ta Holan. A 2011 masana a Grenoble ta Faransa suka manna wani mai atam na tabiyam a jikin siririn bututun kabon, suka sami sauyin turjiya har kashi 300 cikin ɗari. Burin da yake bayan wannan aiki a bayyane yake. Idan molekul guda zai riƙe sama ko ƙasa, wato ɗaya ko sifili a lissafin kwamfuta, kuma a iya karanta shi da wuta, to abin da faifai yake ɗauka a yau zai shiga wurin da ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ta ƙarshe ta zo da ba-zata. Wasu molekul a murɗe suke kamar igiyar rama, wani murɗin dama wani na hagu. Daga 1999 Ron Naaman na Cibiyar Weizmann a Isra'ila da abokan aikinsa suka fara nuna cewa irin waɗannan suna fifita juyi ɗaya a kan ɗaya, ko da babu atam mai maganaɗisu a jikinsu. A 2011 aka auna fifikon da ya haura kashi 60 cikin ɗari a zaren gado na halitta, wato DNA, kuma a zafin ɗaki. Har yanzu masana ba su daidaita a kan dalilin girman wannan fifiko ba, domin lissafin da aka saba yi yana ba da adadin da bai kai wanda ake aunawa ba.

3.5 Matsalar Zafi

Tambayar da mai gyaran waya a Zurmi zai yi ita ce, in har an san duk wannan, me ya hana a gan shi a kasuwa, alhali binciken 1988 ya shiga kwamfuta cikin shekara tara? Amsar tana cikin lissafi ɗan gajere. Maganaɗisu mai ƙarfin tesla ɗaya yana raba juyin sama da na ƙasa da kuzarin da ya kai kimanin 0.12 a ma'aunin da ake kira mili-ilektaron-bolt. Shi kuwa zafin ɗaki yana girgiza atam da ilektaron da kuzarin da ya kai kimanin 25 a wannan ma'auni. A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake kai digiri 40 a Shinkafi, adadin yakan kai 27. Wato girgizar zafi ta ninka aikin maganaɗisun fiye da sau 200. Kamar mutum ne yake raɗa a tsakiyar kasuwa ranar da ta cika: maganar tana nan, amma ba mai jin ta. A shafukan ƙarfe ba a gamu da wannan cikas ba, saboda dubban dubatan atam ne suke riƙe da juna suna fuskantar wuri ɗaya, zafi ba ya iya juya su gaba ɗaya. Molekul guda ba shi da wannan gayya.

Shi ya sa yawancin gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a cikin ruwan iskar hiliyam, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, wasu ma a ƙasa da haka. Sakamakon Grenoble na kashi 300 an same shi ne a ƙasa da digiri ɗaya bisa ƙarshen sanyi, wato wajen 272 ƙasa da sifili. Molekul mai manganis 12 yakan manta fuskarsa da zarar ya ɗumama ya wuce kimanin digiri 4 a ma'aunin Kelbin. Duk wanda ya karanta labarin cewa an ƙera ma'ajiya da molekul guda, abin da ya kamata ya fara nema a cikin labarin shi ne a wane sanyi aka yi gwajin.

Masana harhaɗa sinadarai sun mayar da hankali wajen ɗaga wannan iyaka, musamman da atam na disforosiyam. A 2017 wata ƙungiya a Jami'ar Manchester ta Ingila ta kai digiri 60 na Kelbin. A 2018 aka kai 80, wanda ya haura sanyin ruwan iskar naitirojin mai digiri 77, kuma wannan mataki yana da daraja saboda naitirojin ya fi hiliyam araha da sauƙin samu. A 2025 aka ba da rahoton wani da yake riƙe alamar maganaɗisu har digiri 100, wato 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Sai dai waɗannan alƙaluma an same su ne a tarin molekul masu yawa da aka auna tare, ba a guda ɗaya da aka ɗaura wa waya ba, kuma da yawa daga cikinsu suna lalacewa da zarar iska ko danshi ya taɓa su. Wayar da take aljihun ɗan kasuwa a Ƙauran Namoda da tsakar ranar bazara tana aiki ne a digiri 313 na Kelbin ko fiye.